Ƙiba a wajen mata masu ƙananan shekaru: illarta ga zuciya da sukarin jini

A garuruwanmu, daga Yamai zuwa Damagaram, idan amarya ta yi ƴan watanni a ɗakin miji ta murje, sai a ce aure ya karɓe ta. Wadda ta rame kuwa, dangi su fara tambaya ko ana hana ta abinci. A ƙasar da ta san yunwa da fari wannan tunani yana da tushe. Sai dai hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake cewa na tsofaffi ne, yanzu ana samun su a jikin matan da ba su kai shekara 35 ba, kuma ƙiba na cikin manyan dalilan hakan.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai tsanani. Daga 1990 adadin ya ninka fiye da sau biyu a wajen manya, ya ninka sau huɗu a wajen matasa. A Afirka ta Yamma abin ya fi shafar mata a kan maza, ya kuma fi yawa a birni a kan karkara.

Yadda ake gane ƙiba

Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani lissafi da ake kira IMC a faransanci. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mace mai tsawon mita 1,60 da nauyin kilo 72, IMC ɗinta 28 ne. Idan ta kai kilo 80, ya zama 31. Ƙasa da 18,5 rama ce. Daga 18,5 zuwa 24,9 nauyi daidai ne. Daga 25 zuwa 29,9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Wannan lissafi na manya ne, ba a yi wa mai ciki shi, kuma ƴan ƙasa da shekara 18 suna da nasu ma'auni.

Awo na biyu ya fi sauƙi, tef ɗin tela ya isa. A zagaya ciki da shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajajen cibiya, bayan an fitar da numfashi. A wajen mace, daga santimita 80 haɗari ya fara, daga 88 ya yi yawa. Wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum.

Me ya sa kitsen ciki ya fi illa?

Kitsen da ke cinya da ƙugu yana zaune ne a ƙarƙashin fata. Wanda ke taruwa a cikin ciki kuwa, kewaye da hanji da hanta, yana zuba mai da wasu sinadarai a cikin jinin da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Wannan na sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata. Insulin shi ne sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Idan jiki ya ƙi jinsa, gaɓar da ke samar da shi, wato pankiriyas, sai ta ƙara aiki. Tana iya ɗaukar shekaru a haka kafin ta gaza, sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda mutane ke kira diyabet.

A lokaci guda kitsen cikin jini yana ƙaruwa, ƙoda tana riƙe gishiri da ruwa, tansiyo ya hau. Jijiyoyin jini suna taurarewa suna cushewa a hankali, zuciya kuma tana wahalar tura jini. Ƙarshen wannan hanya shi ne shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, gazawar zuciya ko lalacewar ƙoda. Wadda ƙiba ta kama tana da shekara 20 jijiyoyinta za su daɗe cikin wannan wahala fiye da wadda ta yi ƙiba a shekara 50, shi ya sa farawa da wuri ke da haɗari.

Abin da ya keɓanta da mata

Mace a Nijar tana fara haihuwa da wuri kuma tana haihuwa da yawa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin ƴaƴa 7,6 ga kowace mace, na 2021 ya nuna 6,2. Idan kowane ciki ya bar kilo biyu ko uku, aka kuma yi gwanne kafin jiki ya koma, nauyi yana taruwa ba a lura ba.

Mai ƙiba ta fi fuskantar ciwon sukari na lokacin ciki, wanda ake bincikawa tsakanin mako na 24 da na 28. Yana iya sa jariri ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya har a kai ga tiyata. Ta fi kuma fuskantar hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Ko da waɗannan sun lafa bayan haihuwa, matar tana cikin haɗarin ciwon sukari da ciwon zuciya nan gaba fiye da sauran mata, don haka ta ci gaba da awo kowace shekara.

Akwai kuma wata lalura ta ƙwan mace da likitoci ke kira SOPK, mai shafar kusan mace ɗaya cikin goma. Alamunta su ne jinin al'ada da ke tsallake watanni, gashi a haɓa, ƙurajen fuska da jinkirin samun ciki. Tana tafiya tare da rashin jin insulin, kuma rage nauyi kaɗan yakan daidaita al'adar.

Mai hawan jini da ke son tsarin iyali ta faɗa wa ungozomar asibiti, domin wasu ƙwayoyin ba su dace da ita ba, akwai wasu hanyoyin da za a zaɓa mata.

Ƙwayoyin ƙiba

Sha'awar ƙiba tsohuwar al'ada ce a Sahel. Zabarmawa suna da hangandi, inda mata ke ɗura wa kansu abinci don su yi jiki. A yau ƙwayoyi sun shigo cikin lamarin. Masu tallar magani a tasha da kasuwa suna sayar wa ƴan mata, musamman masu shirin aure, abin da ake kira sha-ka-fashe. Galibi dexamethasone ne, wani lokaci haɗe da cyproheptadine mai buɗe ciki.

Dexamethasone magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. Shan sa na tsawon lokaci yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya siranta hannu da ƙafa, ya tsattsaga fata. Yana ɗaga sukari da tansiyo, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta daina a rana ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin mummunan hali. Ta je asibiti da kwalin maganin a rage mata shi sannu a hankali. Wasu mayukan canza launin fata ma suna ɗauke da irin wannan sinadari.

Alamu da awo

Hawan jini da ciwon sukari sukan yi shekaru ba tare da alama ba. Awo ne kaɗai ke nuna su. Tansiyon da ya kai 14/9 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Sukarin jini da safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon sukari ne. Tsakanin 1,10 da 1,25 gargaɗi ne. Ana awon tansiyo a cibiyoyin CSI, ana gwajin sukari a asibitocin gunduma da na jiha.

A hanzarta zuwa awo idan akwai ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ƙaiƙayin gaba da ke ta dawowa, ciwon da ya ƙi warkewa, ko fatar wuya da hamata ta yi baƙi ta yi kauri kamar dauɗar da sabulu ba ya fitarwa. Haka ma wadda uwa, uba ko ɗan'uwanta ke da ciwon sukari.

Wasu alamun ba a kwana da su a gida: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, nauyi a ƙirji, haki ba tare da aiki ba. Ga mai ciki ko mai jego, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska ko kasa numfashi a kwance.

Abin da ke taimakawa

Ba sai an rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana sauke tansiyo da sukari. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa a cikin masu haɗarin ciwon sukari, gyaran abinci da tafiyar ƙafa sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari a cikin kusan shekara uku.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana da sukari kusan giram 35, alhali OMS ta ce babba kada ya wuce kusan giram 50 a yini, rabin haka ma ya fi. A lissafa da sukarin shayi, na zoɓo, na koko da na fura. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin.

Abincinmu na gida ya fi na shago. Tuwon gero ko dawa, wake, kwaɗon zogale da rama, miyar kuɓewa da yakuwa, kabewa, nono marar sukari, duk suna riƙe ciki fiye da burodi da mayonez, taliya, fanke da soye-soye. A ƙara ganye, a rage malmala da mai. Kada a ƙaurace wa nama, kifi, ƙwai da wake, domin mace na iya yin ƙiba kuma tana da ƙarancin jini.

OMS ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 aƙalla a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Da zafin Afrilu da Mayu a yi ta da sassafe ko bayan la'asar. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida ko tsallen igiya. Mai zuwa kasuwa ko makarantar kusa ta bar kabu-kabu. Shayi da garin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook yawanci zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Mai ciki kuma ba ta rage nauyi da kanta, ta bi shawarar wurin awo.

Tukunya ɗaya ake ci a gida, kuma miji ne galibi ke yin cefane. Idan shi da uwar miji suna kallon raguwar nauyi a matsayin abin kunya, matar ba za ta iya ita kaɗai ba. Gorin mai ƙiba ma ba ya rage kilo ko ɗaya, yana hana ta zuwa asibiti ne. Gado, magunguna da yawan haihuwa duk suna da hannu. Matakin farko ga duk wadda zagayen cikinta ya kai santimita 80 shi ne ta je a auna mata tansiyo da sukari, ta rubuta sakamakon a katinta, ta sake awo bayan shekara.