Tambayar da Iyaye Suka Yi wa Masu Ɗigon Foliyo

Kafin asibiti ya iso ƙasar Kabi, majinyaci bai rasa inda zai kai kukansa ba. Karaya ta maɗori ce, ƙaho na wanzami, haihuwa ta ungozoma, ƙayar kifi kuwa in ta maƙale a wuya sai Sarkawa. Ilminsu yana da iyaka, rayuka da yawa sun salwanta a kan cututtukan da yau allura ɗaya ke karewa. Amma sun san sunan mara lafiya, sun san gidansu, kuma suna zama su saurare shi.

Maganin zamani ya zo da tsari dabam: a zaɓi cuta guda a yi mata taron dangi. A zamanin Turawa sammore tana da ma'aikatanta, kuturta tana da zangonta irin na Amanawa kusa da Sakkwato. Bayan samun 'yanci, gangamin lambar agana da aka fara a 1967 ya kawar da cutar daga Nijeriya a 1970. Nasara ce babba. Sai dai ayarin da ya zo don cuta ɗaya ba ruwansa da tarin da ke damun kaka, ko cikin da uwa ke ɗauke da shi.

Taron Alma-Ata na 1978 ya nemi gyara wannan, inda ya ce a kai kulawar matakin farko kusa da jama'a, su ma a sa bakinsu a ciki. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya gina manufar lafiya ta 1988 a kan haka, ya ɗora nauyin ƙananan asibitoci a wuyan ƙananan hukumomi. A wannan tsari jihar Kebbi ta buɗe ido a 1991. Amma aikin ya rarrabu: albashi a hannun wannan, magani a hannun wancan, rigakafi a hannun masu ba da tallafi.

A 2003 tura ta kai bango. Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin foliyo. An yi ta maganar jita-jitar hana haihuwa da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996. Akwai kuma tambayar da iyaye suka riƙa yi a bakin zaure: me ya sa ake biyo mu gida da ɗigo kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro mu je asibiti a ce babu magani? Ƙin rigakafin ya yi ɓarna, yara sun shanye, cutar ta tsallaka har Indunisiya. Duk da haka tambayar tana kan hanya.

Dole aka saurara. Daga 2006 aka haɗa ɗigon da sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki da gidan sauro. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, wanda daga baya Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya shugabanta. Ta hanyar hakimai da masu unguwanni koken jama'a ya sami hanyar hawa sama. A 2011 aka amince da tattara ƙananan asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, dokar lafiya ta 2014 ta ware musu asusu, a 2018 kuma aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar foliyo.

Dokoki dai an rubuta su. Ma'auninsu yana wurin matar da ta taso daga Gulma da damina, ta biya kuɗin mashin da goyo a baya da ciki a gaba. In an yi mata awo, an yi wa ɗanta allura, an duba hawan jininta a rana ɗaya, an kuma gaya mata da Hausa abin da ke damunta, za ta dawo, ta kuma jawo maƙwabciyarta. In an ce yau ba ranar awo ba ce, ta koma sai Laraba, to da wuya a sake ganinta kafin naƙuda.