Gilisarin: daga tukunyar sabulu zuwa iskar haidirojin

Mai karatu, wannan makon mun ɗan jingine labarin soyayya. Tarihi na kawo muku, na wani ruwa mai yauƙi da kowa ya sani, wato gilisarin ɗin da mata ke haɗawa da man shafawa idan hunturu ya kama. Ni dai ban ga abin da duniya ta yi ta ɗagawa tana yasarwa kamarsa ba.

A 1779 wani mai harhaɗa magani a Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya dafa man zaitun da garin dalma, sai ya samu wani ruwa mai zaƙi. Daga baya Bafaranshe Chevreul ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin zaƙi. Ashe duk mai, na dabba ko na tsiro, yana ɗauke da shi, kuma duk wanda ya dafa sabulu yana fitar da shi. Shekara da shekaru masu sabulu suna zubar da shi tare da ruwan tukunya.

Sai 1847 ta zo. Ascanio Sobrero a birnin Turin na Italiya ya haɗa shi da asid, ya samu naitirogilisarin, ruwan da girgiza kaɗan ke sa ya fashe. Shi ya kashe Emil, ƙanen Alfred Nobel, a 1864. Nobel bai saki ba, a 1867 ya ɗaure shi cikin wata irin ƙasa mai tsotse ruwa, nakiyar dainamait ke nan. Daga nan abin zubarwa ya zama kayan yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka toshe wa Jamus hanyar samun mai, sai da ta koma yin gilisarin daga sukari da yis. A 1942 kuwa gwamnatin Amurka roƙon matan gida ta yi su riƙa tara kitsen da ya rage a kasko suna kai wa mahauta.

To, farkon shekarun 2000 ne ƙaddara ta sake juyawa. Turai da Amurka suka dukufa yin dizal daga man tsirrai, kuma a duk kilo 100 na wannan dizal ana samun kusan kilo 10 na gilisarin. Kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi, har kamfanin Dow ya rufe masana'antarsa ta gilisarin da ke Teksas a 2006. Kuma wanda ake samu ɗin ba irin na kwalbar shafawa ba ne, gurɓatacce ne, da gishiri da sabulu da ragowar metanol a ciki. Me za a yi da shi?

Nan masana suka tuna da wata tsohuwar dabara. Tun shekarun 1930 ake haɗa iskar gas da tururi mai tsananin zafi a fitar da haidirojin, kuma ta wannan hanyar ce ake samun takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara. Suka ce me zai hana a sa gilisarin a madadin gas? A lissafin takarda, ƙwayar gilisarin 1 da ta ruwa 3 suna ba da ƙwayar haidirojin 7.

Amma haɗin ba ya tafiya sai da ƙarfen da zai zuga shi, wanda masana ke kira katalis. Ni a matsayina na marubuci, da mai dalilin aure nake kwatanta shi: ya haɗa ango da amarya, shi kuwa ya koma gida yadda ya fito. Wanda ya fito da martabar nikel a wannan aiki shi ne Paul Sabatier na birnin Tulus, shi da abokinsa Senderens, a 1897. A 1912 aka ba shi kyautar Nobel, wato daga dukiyar da gilisarin ya tara. Wannan ko a littafi na rubuta sai a ce na cika ƙari.

Rigimar duk a kan zaɓen ƙarfen take. Filatinam da rodiyam da rutiniyam suna aiki da kyau, suna daɗewa, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin abin da aka ce shara ne. A 2002 James Dumesic da mutanensa a Jami'ar Wiskonsin suka nuna filatinam na iya fitar da haidirojin daga gilisarin cikin ruwan zafi, ba sai an kai ga tururi ba, a 2003 kuma suka gwada nikel haɗe da kuza don a rage kuɗi. Nikel ɗin shi ne na talaka, kuma a ganina a wurinsa maganar za ta ƙare. Aibinsa ɗaya ne babba: a zafin digiri 500 zuwa 800 da ake aikin, gilisarin yana barin baƙar kunkunniya a jikinsa har ta lulluɓe shi, ya daina aiki. Idan aka ƙara wuta don a ƙone kunkunniyar, ƙananan ƙwayoyinsa sai su dunƙule, ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa ake shimfiɗa shi a kan alumina, a ƙara masa siriya ko magnisiya, ko a ɗiga masa ɗan filatinam. Gishirin da ke cikin ɗanyen gilisarin ma yana lalata shi, ga shi tace gishirin kuɗi ne. Har yau mafi yawan wannan aiki a ɗakunan binciken jami'o'i yake, bai kai ga manyan masana'antu ba.