Tarihin Wine: Tafinta Tsakanin Windows da Linux

Gabatarwa

Kowace manhaja ana gina ta ne domin ta yi aiki a kan wata babbar manhaja takamaimai. Idan manhajar rubutu tana son buɗe fayil, ko nuna hoto a fuskar kwamfuta, ba ta yin hakan da kanta. Sai ta miƙa buƙatarta ga babbar manhaja ta wasu ƙayyadaddun kalmomin umarni. Kalmomin da Windows ke ji daban, waɗanda Linux ke ji daban. Don haka manhajar da aka gina domin Windows, in an kai ta Linux, tamkar baƙo ce a garin da ba a jin harshensa. Wine ita ce tafintar da aka samar domin wannan baƙo.

Asali

A farkon shekarun 1990 Windows ta mamaye kasuwa, kuma yawancin manhajojin ofis domin ita ake gina su. Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991, kyauta ce, amma wanda ya koma gare ta sai ya rabu da kayan aikinsa na yau da kullum. A 1993 Bob Amstadt da Eric Youngdale suka soma aikin Wine domin manhajojin Windows 3.1 su yi aiki a kan Linux. A 1994 jagorancin aikin ya koma hannun Alexandre Julliard, wanda ya shafe shekaru fiye da talatin yana riƙe da shi.

Yadda Take Aiki

Hanyoyi biyu ne sanannu na warware matsalar. Ta farko ita ce a ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, a ɗora mata Windows ɗungurungum. Wannan yana buƙatar lasisin Windows, yana kuma cin ƙarfin na'ura. Wine ta bi ta biyu: ba ta ɗauke da Windows ko kaɗan. Manhaja tana gudana kai tsaye a kan na'ura, duk lokacin da ta furta umarni irin na Windows sai Wine ta tare shi, ta mayar da shi wanda Linux ke fahimta. Sunan ma da Turanci taƙaitawa ce ta jimlar da ke cewa Wine ba mai kwaikwayon na'ura ba ce.

Wahalar aikin tana nan: Microsoft ba ta buɗe rubutun ginin Windows ba, kuma umarnin sun kai dubbai, wasunsu ba a yi cikakken bayaninsu ba. Dole masu aikin su riƙa gwaji suna lura da yadda Windows ke amsa kowace buƙata. Har kurakuran Windows sai da suka kwaikwaya, domin akwai manhajojin da suka dogara da waɗannan kurakurai. Kafin su cimma wata siga, Microsoft ta fitar da sabuwa. Shi ya sa siga ta 1.0 ba ta fito ba sai a watan Yunin 2008, shekara 15 bayan somawa.

Rikicin Lasisi da Shigowar Kamfanoni

Da farko lasisin Wine ya ba kowa damar ɗaukar aikin ya inganta ya sayar, ba tare da ya mayar da gyaransa ga jama'a ba. Kamfanin TransGaming ya gina WineX a kansa domin wasannin kwamfuta, bai dawo da duk abin da ya ƙara ba. A 2002 masu aikin suka sauya zuwa lasisin LGPL, wanda ya wajabta wa mai rarraba gyararriyar Wine ya buɗe gyaran nasa. Kamfanin CodeWeavers, mai sayar da CrossOver, ya zaɓi zama a ƙarƙashin wannan sharaɗi, ya kuma ɗauki da yawa daga masu aikin, har da Julliard.

Babban sauyi ya zo a watan Agustan 2018, lokacin da kamfanin Valve ya fitar da Proton, wadda aka gina a kan Wine. A 2022 ya fitar da na'urar wasa ta Steam Deck: Linux ce a cikinta, amma dubban wasannin Windows suna gudana a kanta.

Muhawarar da Ba Ta Ƙare Ba

Masu suka suna cewa tafinta na hana baƙo koyon harshen gari: muddin manhajar Windows tana aiki a Linux, kamfanoni ba za su ga dalilin gina ta musamman domin Linux ba. Sukan kafa hujja da OS/2 ta IBM, wadda sigarta ta 1992 ke gudanar da manhajojin Windows, amma duk da haka ta kasa samun gindin zama. Magoya baya kuwa suna cewa sai da jama'a ake cin kasuwa. In ba tafinta, mutane ba za su ƙaura ba tun farko.

Kammalawa

Tarihin Wine ya nuna cewa abin da ke ɗaure mutum ga babbar manhaja shi ne ƙananan manhajojin da yake aiki da su kullum. Microsoft ma ta gane haka. A 2016 ta ƙaddamar da WSL, wadda ke fassara umarnin Linux a cikin Windows, wato aikin Wine ne aka juya. Daga baya, a siga ta biyu, ta bar fassarar ta koma ɗora ainihin ƙwayar Linux a cikin kwamfutar kwaikwayo. Hanyar da kamfanin ya bari, ita ce ƴan Wine suke bi tun 1993.