Rigimar Tsakiyar Allon Ces

'Yan uwa marubuta, wannan makon mun leƙa tarihin wasan ces, darar nan mai gidaje 64. Huɗu daga cikinsu, na tsakiyar allo, su suka raba kan gwanaye shekaru da dama.

Siegbert Tarrasch, likita Bajamushe, ya koyar da cewa tun farkon wasa a tura ƙananan sojoji su mamaye tsakiya, domin wanda ya riƙe ta shi ke da sararin motsi. Aron Nimzowitsch ya ƙi. A ganinsa sojan da ya yi gaba ba ya komawa baya, sai ya zama abin hari. Gara a bar abokin karawa ya shiga, a riƙa yi masa dauki ɗai-ɗai daga nesa. Da alƙalami suka fi gwabzawa, har da baƙar magana, kuma mu abin da ya ja mu ke nan.

Allo ne ya ba sabon ra'ayin haƙori. A New York, 1924, Richard Réti ya buɗe da doki, ya jinkirta shiga tsakiya, ya doke zakaran duniya Capablanca, wanda rabonsa da shan kaye tun 1916. A 1925 Nimzowitsch ya fara fitar da littafinsa, Mein System.