Wa Ke Raɗa wa Takarda Suna a Kwarbai?

Takarda ba ta taɓa yanke wa mutanen Kwarbai ta Zariya ba. Haka unguwar da ke dab da fada take: wasiƙar sarki, hukuncin alƙali, rabon gado, shaidar cinikin gida, duk ta ƙofarmu suke wucewa. Abin da ya yi ta canjawa shi ne mai raɗa wa takardar suna.

A zamanin alƙalami da tawada, yawancin littattafan malamanmu ba sa ɗauke da suna a goshi. Kowanne da bisimilla yake buɗewa, sai godiya ga Ubangiji, sai salati. Sai an wuce waɗannan marubuci yake faɗin sunan da ya ba littafinsa, a ƙarshe kuma mai kwafa ya sa nasa sunan, wani sa'in har da ranar da ya gama. Takardun a warware suke cikin gafaka, babu ɗinki, shi ya sa ake rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda aka gama, ko iska ta watsa su a iya harhaɗawa. Wasiƙar sarki kuwa, hatimi ne shaidarta, magatakarda ne ya san inda kowace take kwance.

Turawa sun kama Zariya a 1902, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi sarki a 1903, fayil ya biyo bayansu da bangonsa mai kauri da lamba da kan magana. Akawun En'e ba ya buɗe fayil sai ya shigar da lambarsa a rajista. Komai za a faɗa a kan mulkin nan, wannan tarbiyya ta yi rana: har yau mai bincike yana zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ya nemi fayilolin lardin Zariya da ake kira Zarprof, ya ba da lamba, a ɗauko masa.

Ni a shagon buga takardu na koyi aiki, bayan kwamfuta ta fara ture tafireta. Tsarin DOS bai yarda sunan fayil ya wuce harufa 8 ba, sai 3 na nau'insa, don haka muka cika faifai da GADO1 da GADO2 da CINIKI7. Matsin ya tilasta mana tunani, har muna da ɗan littafin da muke rubuta ma'anar kowane suna. Windows 95 ta buɗe ƙofa zuwa harufa 255, kuma daga nan sakaci ya samu wuri, domin manhaja ta soma kawo suna da kanta a akwatin da ke buɗewa idan an zo adanawa. Microsoft Word takan ɗauki kalmomin farko na rubutun ta cika gurbin. Wanda ya tsara haka yana zaton layin farko shi ne kanu. Mu kuwa da bisimilla ko sallama muke farawa, kamar kakanninmu. Sai ka tarar da takardar neman aure da ta iyakar gona da ta ƙorafi ga mai unguwa duk sunansu "Assalamu alaikum", lamba kawai ta raba su. Yanzu wayoyi sun ƙara: shaidar gida sukutum tana yawo a WhatsApp da sunan da ya fara da IMG.

Ba na ɗora laifin a kan yaron da ke bugawa. Mutane a tsaye a kansa, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, abin da aka miƙo masa zai danna. Gyaran yana hannun mai rubuta manhaja, kuma bai fi layi ɗaya ko biyu ba: kafin akwatin ya buɗe, a haɗa sunan daga shekara, wata, rana, irin takardar, da mai ita. Idan shekara ce a gaba, fayilolin za su jeru da kansu bisa tsufa. Yaranmu da ke koyon kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, suna rubuta wa makarantu da asibitoci da shagunan cikin gari manhaja, su nake roƙo su kula da wannan gurbi. Su kuma tabbata yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ, don kada takardar mutumin Ƙofar Doka ta ɓace wa mai nemanta saboda harafi guda.