Abin da Launin Kwamfuta Ke Ɓoyewa a Bangon Madatsa

Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, bango ce ta cikon ƙasa mai tsawon kilomita 12.5 da tsayin mita 21, an kuma tsara ta don riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Daga ƙasanta fadamun Goronyo da Wurno suke, cike da shinkafa da albasa. Duk injiniyan da zai auna lafiyar bango irin wannan a yau, da kwamfuta zai fara.

Dabarar ita ce a gutsuttsura bangon zuwa dubban ƙananan yankuna a lissafce. Ray Clough ne ya raɗa mata suna a 1960, a 1967 kuma shi da Woodward suka gwada ta a kan madatsar ƙasa. Gocewar ƙasa ana samun ta a mahaɗar yankunan. Matsin da ƙasar ke ɗauka kuwa ana lissafa shi a wasu ɗigogi na cikin kowane yanki, waɗanda ake kira ɗigogin Gauss. A manhajar PLAXIS, yanki mai kusurwa uku da mahaɗa 15 ɗigogi 12 gare shi.

Matsalar tana wajen nuna sakamako. Manhajoji da yawa, in ba a hana su ba, sukan jawo adadin daga ɗigogin zuwa mahaɗa, su raba daidai da na maƙwabta, sannan su shafe allo da launi mai santsi. Hoton yakan burge shugabanni a ɗakin taro. Amma a inda kankaren ƙofar ruwa ya haɗu da ciko, matsi tsalle yake yi, domin taurin kayan biyu ya sha bamban, kuma nan ne ruwa ke neman hanyar kurɗawa. Raba daidai yakan share wannan tsalle. Wani lokaci ma jawowar kan nuna yashi yana jure ja, abin da yashi bai taɓa yi ba.

Tun 1976 John Barlow ya nuna cewa matsi ya fi zama daidai a wasu ɗigogi na ciki fiye da gefuna. Saboda haka, a ganina, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa neman hotuna biyu daga duk mai kawo mata rahoto: mai santsin, da na ɗigogi tsagwaronsu. In suka saɓa sosai, yankunan wurin sun yi girma, sai a ƙara gutsuttsura su a sake lissafi.