Ranar da Aka Soke Haraji da Jangali

'Yan ajinmu za su tuna watan Oktoba na 1979, lokacin da muka ji a rediyo cewa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Mu dai tafi kawai muka yi. Sai da na je hutu na ga mahaifina, wanda tela ne, ya zaro tsohon katinsa na NEPU daga ƙasan adaka, ya daɗe yana kallonsa.

Mutum 8 ne suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano bai zama shugabanta ba sai 1953. Amma waɗanda suka shiga da ita ƙauye-ƙauye teloli ne da 'yan koli da malaman zaure. A kama mutum don ya yi lacca, alƙali ya ɗaure, wani har da bulala. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta. Malamanmu na tarihi, Allah ya gafarta muku, ba mu karanta wannan a aji ba.

Mahaifina wata uku ya yi a kurkuku, don ya ƙi tuɓe takalmi gaban hakimi.